DAGA SAMARU ZUWA AGEGE: Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Masanin Wake?

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta unguwannin Hausawa na Agege, a birnin Ikko, zai tarar da manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, 'yan dako suna sauke buhuna, dillalai kuwa suna zura hannu a bakin buhu suna ɗebo wake suna dubawa a tafin hannu. Abin da dillali yake nema kafin ya yi tayi shi ne launin waken, da girman ƙwayarsa, sa'an nan ko ƙwaro ya huda shi. In ya ga rami a jikin ƙwaya biyu ko uku, to, kuɗin buhu ya faɗi ke nan, domin kuwa wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A can Samaru ta Zariya akwai waɗansu mutane da su ma wake ne sana'arsu, sai dai ba sa sayen sa, ba sa kuma sayarwa. Su ne masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Su ma suna da mudun da ake auna su da shi a duniyar ilmi, wato yawan maƙalun da suka buga a mujallun kimiyya, da kuma yawan lokutan da waɗansu masana suka ambaci waɗannan maƙalu a cikin nasu rubuce-rubucen. Da wannan ƙidaya ake ƙara wa malami girma, da ita ake ba shi kuɗin bincike, da ita kuma ake jera jami'o'in duniya sahu-sahu. Labarin waken da ake kira SAMPEA 20-T, da na malamin da ya shugabanci aikinsa a Nijeriya, Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, ya isa ya nuna abin da wannan mudu yake iya aunawa, da kuma inda ya gaza.

ZANGON AGEGE

Goro ne ya fara kawo Hausawa Agege. Tun farkon ƙarni na 20 attajiran Ikko irin su J. K. Coker suka kafa manyan gonakin koko da goro a wannan yanki, hanyar jirgin ƙasa kuwa da ta tashi daga Ikko ta ratsa ta Agege ta isa Ibadan a 1901, ta kuma isa Kano a 1911. Da hanya ta buɗe, fatake suka yi zango, zango ya zama unguwa, unguwa ta yi sarki da limamai da makarantun allo. Goro yana tafiya Arewa, shanu da hatsi da wake suna gangarowa Kudu. Yau gonakin goro sun zama gidaje, amma cinikin abinci yana nan, a Agege da sauran kasuwannin Ikko irin su Mil 12 da Daleko da Iddo.

Wake kuwa shi ne naman talaka, domin kusan kashi 25 cikin ɗari na ƙwayarsa furotin ne, wato sinadarin da ke gina jiki. Bahaushe yana yin ƙosai da alale da ɗanwake da garau-garau, dabbobinsa kuma su ci harawa. Bayarabe yana da nasa ƙosan da alalensa, ga kuma dafaffen waken nan mai miyar barkono da ake ci da burodin Agege. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, tana samar da fiye da tan miliyan 3 a shekara, duk da haka ba ya isarta, sai an ƙaro daga Jamhuriyar Nijar da sauran maƙwabta. Saboda haka duk abin da ya sami gonar wake a Kano ko Barno ko Sakkwato, cikin 'yan watanni sai an ji shi a bakin mudu a Ikko, kimanin kilomita 1,000 daga inda aka shuka shi.

TSUTSAR DA TA GAGARI FESHI

Babban abokin gabar manomin wake shi ne wata tsutsa da masana suke kira Maruka. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda yake saka ƙwai a kan tohon fure. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe sai tsutsar ta kutsa cikin fure ta cinye shi, in kwanso ya fito kuma ta huda shi ta shige ta ci 'ya'yan tun suna ɗanye. Da yake a ɓoye take, maganin feshi ba ya samunta sosai, har manomi yakan yi feshi sau 6 zuwa 8 a damina guda. A shekarar da ta yi tsanani takan lashe har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona.

Da farko masana sun bi hanyar da aka saba, wato a nemo irin da ƙwaro ba ya ci, a yi masa barbara da irin da manoma suke so. Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana da taskar irin wake fiye da kala 15,000 daga sassan duniya. An gwada dubbai daga ciki, ba a sami wanda yake iya tsaya wa Maruka sosai ba. Akwai wani waken daji da tsutsar take ƙi, amma ya ƙi haɗuwa da waken gida ta hanyar barbara. A nan ne aikin ya koma hannun masana ilmin ƙwayoyin gado na tsirrai.

Ga yadda abin yake a taƙaice. A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai wani siririn zare wanda yake ɗauke da duk umurnin da tsiron ya gada, kamar launin fure, da tsawon kara, da lokacin nuna. Masana suna taƙaita sunan wannan zare da haruffa uku, DNA, kuma a 1953 aka gano siffarsa. Kowane guntu na zaren da ke ɗauke da umurni guda shi ake kira ƙwayar hali. To, akwai wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wadda wani masani ya fara gani a Japan a 1901, wani kuma ya raɗa mata suna a Jamus a 1911, ana taƙaita sunanta da Bt. Tana da ƙwayar hali mai ƙera wani furotin wanda in ya shiga cikin tsutsa sai ya manne a bangon hanjinta ya huda shi, ta daina ci ta mutu. Hanjin mutum da na dabbobin gida ba su da wurin da wannan furotin zai manne, ruwan tumbinsu kuma yana narkar da shi kamar sauran abinci. Dabarar ita ce a ɗauko wannan ƙwayar hali a dasa ta cikin zaren wake, domin tsiron ya riƙa kare kansa da kansa.

TAKARDA BISA TAKARDA

Mai karatu zai fi gane darajar ambato in ya bi sawun takardun da aka jera kafin wannan wake ya samu. A 1962 Toshio Murashige da Folke Skoog, na Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, suka buga tsarin wani haɗin gishiri da sinadarai da ake renon gutsuren tsiro a kansa cikin kwalba har ya yi saiwa da ganye. A 1977 Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka tabbatar cewa wata bakteriya mai haddasa ƙari a jikin itatuwa tana cusa guntun zarenta cikin zaren tsiro. Marc Van Montagu da Jeff Schell a Beljiyam su ma suna kan wannan bincike, kuma a 1983 aka sami tsirrai na farko da aka yi wa dashen ƙwayar hali ta hanyar aiken wannan bakteriya. A 1987 aka dasa ƙwayar Bt cikin taba, a 1996 kuma manoman Amurka suka fara shuka auduga da masara masu ɗauke da ita.

Wake dai ya yi taurin kai, domin gutsurensa ba ya yarda ya koma cikakken tsiro bayan an yi masa dashe. Sai a 2006 ƙungiyar Dokta T. J. Higgins, na hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Ostareliya da ke Kambera, ta buga wata maƙala a mujallar Plant Cell Reports inda ta nuna hanyar da ake yi wa wake dashe har 'ya'yansa da jikokinsa su gaji sabon halin. Ko a nan ma, cikin gutsure 1,000 da aka yi wa aikin, kimanin guda ɗaya ne yake zama tsiro mai haihuwa. Kamfanin Monsanto ne yake da mallakar ƙwayar halin a lokacin, ya kuma ba da ita ba tare da neman ladan mallaka ba ta hannun Gidauniyar Fasahar Noma ta Afirka, wadda aka kafa a Nairobi a 2003. Hukumar ba da agaji ta Amurka ce ta ɗauki yawancin nauyin kuɗin aikin.

Kowace daga cikin waɗannan takardu ta lissafa na gabanta a shafinta na ƙarshe, tana cewa daga wane aka samo kaza, daga wance aka samo kaza. Wannan ba baƙon abu ba ne ga almajiran ƙasar Hausa. Malaman Hadisi ba sa karɓar magana sai da sanadinta, wane daga wane har zuwa tushe, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ambato a kimiyya shi ne sanadin masana zamani. Yana sauke haƙƙin wanda ya rigaya, yana kuma ba mai shakka damar komawa tushe ya duba da idonsa.

MALAMIN SAMARU

Tsiron da aka yi wa dashe a Kambera ba shi ne manomin Dambatta ko Biliri zai shuka ba. Sai an kawo shi gida, an gwada shi da tsutsar gida, an kuma aurar da sabon halin ga irin da ya san ƙasar nan. Wannan shi ne aikin da ya faɗo wa Cibiyar Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Farfesa Ishiyaku masanin kyautata irin shuka ne, kuma ya yi karatun digirinsa na dokta a Jami'ar Redin ta Ingila cikin shekarun 1990. Abin da ya bincika a lokacin tambaya ce da kowane manomi ya san ta a aikace: me ya sa waken gargajiya irin su kanannado yake ta yaɗo yana ganye, ba ya fure sai kaka ta gabato, ko da an shuka shi da wuri? Amsar ita ce tsiron yana auna tsawon yini, ba ya fure sai yini ya fara gajarta. Maƙalar da ya buga a kan yadda ake gadon lokacin fure, tare da Dokta B. B. Singh da Dokta Peter Craufurd, ta fito a mujallar Euphytica a 2005. Amfanin wannan sani a fili yake, gama wanda ya san yadda ake gadon lokacin fure shi ne zai iya fitar da iri mai nuna da wuri, wanda zai tsere wa ɗaukewar ruwan sama.

Shi kuwa Dokta Singh, mutumin Indiya ne da ya shafe shekaru masu yawa a tashar da cibiyar Ibadan take da ita a Kano. Cikin irin da ya fitar akwai wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10, wanda ƙuduji ba ya kama shi. Wannan juriya ta samo asali ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana, kuma a 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Bajiniya suka bayyana ainihin ƙwayar halin da ke ba da ita a mujallar Science. Wannan iri na Kano ne kuma masana suka zaɓa da za su karance zaren gadon wake baki ɗaya, aikin da aka buga a 2019, inda aka lissafa ƙwayoyin hali kusan 30,000 cikin damuna 11 na zare.

A 2009 aka fara gwajin waken Bt a wata killatacciyar gona a Samaru, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Ishiyaku. Shekara bayan shekara ana shuka shi gefe da gefe da wanda ba a yi wa dashe ba, ana sako musu tsutsa, ana ƙirga furen da aka ci da kwanson da aka huda. Ana kuma yi masa barbara da SAMPEA 10, a ɗauki 'ya'yan a sake komawa da su ga SAMPEA 10, har aka sami tsiron da kusan duk halinsa na waken Kano ne, in ban da kariyar tsutsa da ya ƙaru da ita. Hukumar Kula da Lafiyar Fasahar Halittu ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2015, ta ba da izni a watan Janairu na 2019. A watan Disamba na wannan shekara kwamitin rajistar iri ya amince da shi da sunan SAMPEA 20-T, aka kuma ƙaddamar da sayar da shi ga manoma a Kano a watan Yuni na 2021. Da haka Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da waken da aka yi wa dashen ƙwayar hali. Yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, feshi kuma ya sauko zuwa sau 2, domin sauran ƙwari irin su darɓa da masu tsotson kwanso suna nan. Sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a Nijeriya da Gana da Burkina Faso ya fito a wata mujallar ilmin ƙwari ta Amurka a 2020, da sunayen masana da yawa a kai. Daga baya Farfesa Ishiyaku ya riƙe shugabancin Cibiyar Samaru.

YADDA AKE ƘIDAYAR AMBATO

Wanda ya mai da ambato abin ƙidaya shi ne wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield. A 1955 ya kawo shawarar a riƙa tattara jerin wanda ya ambaci wane, kamar yadda lauyoyin ƙasarsu suke bin sawun hukunce-hukuncen kotu, a 1964 kuma ya fara buga kundin ambato na kimiyya. Nufinsa na farko shi ne a sauƙaƙa wa mai bincike neman takardu, amma ba a daɗe ba shugabannin jami'o'i suka ga cewa ga sikeli ya samu. A 2004 kamfanin Google ya buɗe Google Scholar, inda kowa zai iya duba ambaton kowane malami kyauta ta intanet. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro awon da ake kira lambar h. Alal misali, in an ce lambar malami 20 ce, ana nufin yana da maƙalu 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20.

Wannan awo yana da amfaninsa. Yana rage son kai da sanayya wajen ƙarin girma, gama shugaban sashe ba shi da ikon hana wani masani a Birazil ko Indiya ambaton aikin yaronsa. Yana kuma tona asirin wanda ya tara takardu tuli waɗanda ba wanda ya taɓa karantawa. Malamin da aka daɗe ana ambatonsa a ƙasashe daban-daban, lalle akwai abin da ya faɗa wanda ya amfani waɗansu.

INDA MUDUN YA GAZA

Amma akwai abubuwan da ya kamata a lura da su. A 2014 mujallar Nature ta jera maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, a kan yadda ake auna furotin a ɗakin gwaji, da ambato fiye da 300,000. Ta Murashige da Skoog tana cikin jerin. Amma maƙalar 1953 da ta bayyana siffar zaren gado ba ta sami shiga ba. Dalili kuwa shi ne takardar da ke koyar da hanyar aiki kullum ana komawa gare ta, ita kuwa babbar gaskiya in ta zama sananniya sai a daina faɗin wanda ya gano ta. Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gado ta hanyar barbarar wani dangin wake, ya buga aikinsa a 1866, aka yi biris da shi har 1900, shekara 16 bayan mutuwarsa.

Abu na biyu, yawan ambato yana bin yawan masu aiki a fage. Akwai wata 'yar ciyawa da ake kira Arabidofsis, wadda ba amfanin gona ba ce, amma dubban masana a Turai da Amurka da Sin suna nazarinta domin tana saurin girma a ɗakin gwaji. An karance zarenta tun 2000, na masara a 2009, shi kuwa wake, abincin miliyoyin mutanen Afirka ta Yamma, sai da ya jira 2019. Mai rubutu a kan wannan ciyawa yana da dubban masu ambatonsa, mai rubutu a kan wake kuwa abokan fagensa ba su da yawa, ko da aikinsa ya fi inganci.

Abu na uku, aikin gona ba ya gaggawa. Daga gwajin farko a Samaru zuwa ranar da manomi ya sayi irin, shekara 12 ke nan. A cikin wannan lokaci masanin da ke aiki da kwamfuta da kwalabe zai iya buga maƙalu da dama. Bayan haka, mujallun gida da yawa na Afirka ba sa cikin manyan kundayen ambato, ƙasidun Hausa da shirye-shiryen rediyo da ake yi wa manoma kuwa ba a lissafa su sam. Manyan mujallun waje suna karɓar kuɗi mai nauyi daga marubuci in yana so kowa ya karanta aikinsa kyauta. A 2021 mujallar Nature ta sa kuɗinta Yuro 9,500 a kan maƙala guda. Matsin neman ƙarin girma ya sa waɗansu malamai suna faɗawa hannun mujallun bogi masu buga kome da zarar an biya. Saboda irin waɗannan dalilai ne waɗansu masana da editoci suka tsara wata sanarwa a birnin San Faransisko a 2012, suna kira da a riƙa duba abin da aiki ya ƙunsa maimakon sunan mujallar da ya fito a ciki.

Manomin da ya rage feshi daga sau 8 zuwa sau 2, ya tsira da kuɗinsa da lafiyar ƙirjinsa, ba ya rubuta maƙala, saboda haka shaidarsa ba ta shiga kundin Garfield.

ABIN DA YA RAGE A BAKIN BUHU

In aka auna aikin da mudun Agege kuwa, za a ga da sauran tafiya. Furotin na Bt da ke cikin SAMPEA 20-T tsutsar gona yake kashewa, ba ya taɓa ƙwaron rumbu mai huda busasshen wake, wanda shi ne ciwon kan ɗan kasuwa. Wannan ƙwaro yana manna ƙwai a jikin ƙwaya, ɗansa ya huda ya shiga, cikin mako 3 zuwa 4 ya fito ya sake haihuwa, har buhu ya koma gari cikin 'yan watanni. Tsoron wannan asara ne yake sa waɗansu suke zuba wa wake maganin feshi mai guba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar diklobos da aka samu a cikinsa, a ƙarshen 2018 kuma hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasa ta gargaɗi jama'a bayan da aka yaɗa hoton masu fesa wa wake magani. Duk lokacin da irin wannan labari ya ɓulla, 'yan kasuwar Arewa da ke Ikko ne ake wa kallon zargi, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Dokta Higgins ya taɓa yaƙar irin wannan ƙwaro a wani dangin wake na Turawa, ta hanyar dasa masa ƙwayar hali mai hana ƙwaro narkar da abinci. A 2005 hukumarsa ta dakatar da aikin na shekaru bayan da gwaji a kan ɓeraye ya nuna jikinsu yana ƙin furotin ɗin, ko da yake wani binciken da aka yi a Ostiriya daga baya ya kawo shakka a kan wannan sakamako. Wannan ma yana cikin amfanin bugawa a fili, gama da takarda aka tsai da aikin, da takarda kuma aka sake duba hukuncin. A yanzu maganin da ke hannu shi ne buhun nan mai riɓi uku da Farfesa Larry Murdock da abokan aikinsa na Jami'ar Fadu ta Amurka suka fitar, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu masu kauri ne a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure su tamau sai iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba.

Akwai kuma batun launi. SAMPEA 20-T fari ne, mutanen Ikko kuwa jan wake suka fi so, musamman mai zaƙin nan da suke kira oloyin, kuma suna biyan sa da tsada. Sai an kai sabon halin cikin jan wake kafin dillalin Agege ya ji canji sosai a cinikinsa. Haka kuma masana da kansu sun san tsutsa tana iya sabawa da furotin guda in aka daɗe ana shuka shi, shi ya sa suke aikin ƙara ƙwayar hali ta biyu. Ga ƙungiyoyi irin su gidauniyar da Nnimmo Bassey yake shugabanta a birnin Benin, waɗanda suke adawa da duk wani iri da aka yi wa dashe, suna tsoron illa ga lafiya da muhalli da kuma dogaron manomi ga kamfanonin waje. Hukumomin da suka ba da izni sun ce bincikensu bai nuna illa ba, kuma wake tsiro ne mai barbarar kansa, wanda manomi zai iya ajiye irinsa. Hanyar raba wannan gardama ita ce a ci gaba da gwaji a cikin ƙasa, a buga sakamakon a fili, a kuma fassara shi da harsunan da masu noma da masu ci suke ji.

A watan Afrilu na 1980 shugabannin Afirka sun taru a wannan birni na Ikko, suka amince da wani shiri wanda a cikinsa aka nemi kowace ƙasa ta keɓe kashi 1 cikin ɗari na arzikinta domin kimiyya da fasaha. Nijeriya ba ta kai ko kusa da wannan ba, shi ya sa aikin da ya shafi tukunyar kowane gida ya dogara ga kuɗin baƙi da ɗakin gwajin Kambera. Ya kamata gwamnati ta ɗauki nauyin irin wannan bincike da kanta. Ya kamata majalisun jami'o'i, in sun zo auna malamin aikin gona, su ɗora irin da ya fitar da yawan manoman da suka karɓe shi a kan sikeli tare da maƙalunsa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi na Agege da Mil 12 da Dawanau su ma suna da abin faɗa, domin su ne suka san launi da girman ƙwayar da mai saye yake nema, kuma ƙofar Samaru a buɗe take ga wanda ya je da buƙata. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kuma sa wa masu neman ilmi albarka a cikin aikinsu, amin.